Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Neman Mulkin Kano Da Sunan Talaka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe. Wannan takarda taku ce gaba ɗaya, masu jar hula da masu tsintsiya, waɗanda ke kan kujera yau da waɗanda suka sauka suna jiran komawa, da duk wanda ya taɓa riƙe lasifika a filin taro a Kano ya ambaci sunan Malam Aminu Kano ya ce shi ne magajinsa. Na haɗa ku ne domin ƙofa ɗaya kuka bi kuka shiga gidan gwamnati. Kun gaya wa talaka cewa wasu 'yan tsiraru ne suka danne masa haƙƙi, kun ce ku za ku ƙwato masa, ya yarda da ku, ya fito ya bi layi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da wannan yarda take shiga bayan an rantsar da ku.

A zaɓen gwamna na watan Maris 2023, Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705. Masu rajistar zaɓe a jihar sun kai kusan miliyan 5.9. Idan aka haɗa abin da manyan 'yan takarar biyu suka samu da ɗan abin da sauran suka tsinta, mutanen da ba su zo ba sun kusa miliyan huɗu. Na san rajistar ba ta da tsabta, akwai sunayen mamata da na waɗanda suka bar gari. A cire su, har yanzu waɗanda suka zauna a gida sun fi waɗanda suka zaɓe ku, ku duka, nesa ba kusa ba. Wannan fa Kano ce, garin da sojojin baka ke cika gidajen rediyo kowane dare, garin da mai shayi da ɗan adaidaita sahu za su lissafa maka kwamishinoni da ka. Ana son siyasa a baka, ana gudun akwati. A ƙasa baki ɗaya ma haka abin yake gangarawa: kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista ne suka fito zaɓen shugaban ƙasa a 2003, kashi 54 a 2011, kashi 44 a 2015, kashi 35 a 2019, sai kashi 27 a 2023.

Za ku ce mini ai jama'a na tare da ku, ku nuna mini taron da ke tare hanya idan kun fito. Gaskiya ne suna nan, kuma da yawansu ba don kuɗi suke zuwa ba. Amma masana siyasa sun daɗe da lura da wani abu a ƙasashe daban-daban: mutumin da gwaninsa ya ci zaɓe yakan ce dimokuraɗiyya na tafiya daidai, wanda nasa ya faɗi yakan ce ta lalace, ko da kuwa a gari ɗaya suke, farashi ɗaya suke sayen masara. Abin ya fi ƙarfi ga magoya bayan jam'iyyu irin naku, saboda da fushi suka shigo siyasa, don haka ranar da kuka ci suna jin kamar an zare musu ƙaya. Wannan farin ciki na nasara ne, kuma yana da wa'adi. Ba shi ne ma'aunin da za ku auna kanku da shi ba. Ku auna da mutumin da bai zaɓe ku ba: shin har yanzu yana ganin idan ya sake bin layi zai iya kayar da ku? Ku kuma auna da wanda ya zaɓe ku a 2023, wanda ya daina zuwa taro bai gaya wa kowa ba.

Tarihin gidan nan ya ishe mu darasi. Tun da aka kafa NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano, a watan Agusta 1950, talakawan Arewa suka yi shekaru suna shan ɗauri da bulala a kotunan En'e saboda katin jam'iyya, suka kuma yi shekara kusan talatin ba tare da sun taɓa riƙe gwamnati ba. Sai 1979 PRP, jam'iyyar da Malam ya jagoranta bayan NEPU, ta ci Kano da Kaduna, a lokacin Jigawa na cikin Kano, Katsina na cikin Kaduna. Gwamnoninta, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna, suna hawa suka soke haraji da jangali. Matashin yau zai ji wannan kamar wani sakin layi ne a littafin makaranta. Ya tambayi dattawan ƙauye. Za su gaya masa yadda magidanci yake sulalewa daji idan ya ji masu karɓar haraji sun sauka a ƙofar dagaci, yadda ake zaunar da wanda ya kasa biya a rana, gaban 'ya'yansa da surukansa, har sai an kai akuyar matarsa kasuwa, yadda Bafulatani yake kwana yana raba shanunsa a ruga-ruga don kada a ƙirga su. Rana ɗaya aka ce an daina. A ranar talaka ya ga da idonsa cewa dangwala yatsa a takarda na iya sauke masa kaya daga ka. Gwamnatin Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci, ta kafa jaridar Triumph da gidan talabijin na CTV, ta ba ma'aikata hutun ranar ɗaya ga Mayu a 1980 kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu.

Shekara biyu ba su cika ba jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Mutanen da suka kwana a kurkuku ɗaya saboda Malam suka koma zagin juna a dandali. A Kaduna majalisar da NPN, jam'iyyar da ke mulkin tarayya a lokacin, ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa har ta tsige shi a ranar 23 ga Yuni 1981, gwamna na farko da aka taɓa yi wa haka a Najeriya. A Kano takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero ta kai ga tarzomar 10 ga Yuli 1981, aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Malam ya rasu a Afrilu 1983. Rimi ya koma jam'iyyar NPP ya faɗi, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya ci, ya yi wata uku, sojoji suka kifar da jamhuriyar a ranar ƙarshe ta shekarar. Talakan da aka ɗaure ubansa don ya samu 'yancin zaɓe bai fito titi ya kare wannan 'yanci ba. A wurare da dama murna aka yi. Ban ɗora wa PRP ita kaɗai laifin faɗuwar jamhuriya ta biyu ba, maguɗin 1983 da karyewar farashin mai sun fi nata nauyi. Amma jam'iyyar da ta fi kowa koya wa talaka darajar ƙuri'a ta kashe rabin wa'adinta tana faɗa da kanta, shi kuwa yana kallo.

Nan ne bambancinku da sauran jam'iyyu yake. Jam'iyyar attajirai idan ta ci amana, talaka ba ya mamaki, da ma bai sa rai ba, sai ya jira wata. Ku kuwa kun ce masa ku ne watan, ku ne na ƙarshe, bayanku babu wani. Abin kamar adashe ne. Matar da ta daɗe tana gudun zubi saboda an sha cinye mata, aka lallashe ta aka ce wannan uwar adashen ta gida ce, mai tsoron Allah ce, ta zuba. Idan wannan ma ta cinye, ba za ta nemi wata uwar adashe ba, rantsuwa za ta yi ta bar zubi har abada. Idan kun gaza, ba ku kaɗai talaka yake yankewa ƙauna ba, har da akwatin.

Mun gani da marigayi Muhammadu Buhari. Mutane sun sayi katin waya don tara masa kuɗin kamfe. Sun riƙe "a kasa, a tsare, a raka" kamar karatun allo. Kano kaɗai ta ba shi ƙuri'a sama da miliyan 1.9 a 2015. A 2019 suka koma ƙasa da miliyan 1.5, alhali masu rajista ƙaruwa suka yi. Yawancin waɗanda suka janye ba su koma wata jam'iyya ba, gida suka koma. Kalmar da na fi ji a bakinsu ita ce, "Idan Baba bai gyara ba, wa zai gyara?" Wannan tambaya ta fi kowane maguɗi kashe zaɓe, domin mai yin ta ya riga ya ba kansa amsa.

Ba mu kaɗai ba ne. A Girka jam'iyyar Syriza ta hau mulki a Janairu 2015 da alkawarin kawo ƙarshen tsuke bakin aljihun da masu ba da bashi suka ƙaƙaba wa ƙasar. A watan Yuli ta kira ƙuri'ar raba gardama, kashi 61 suka ce ba su yarda da sharuɗɗan ba, bayan mako guda Firayim Minista Alexis Tsipras ya amince da wasu sharuɗɗan masu tsanani. Ya sake cin zaɓe a Satumba, amma masu fitowa sun ragu daga kusan kashi 64 zuwa kusan 56. A Italiya jam'iyyar Taurari Biyar ta samu kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'u a 2018 da alkawarin share tsofaffin 'yan siyasa, ta shiga gwamnati da na dama, ta sake shiga da na hagu, a 2022 ta koma kashi 15, kuma fitowar masu zaɓe a shekarar ita ce mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani a zaɓen majalisar ƙasar. Polan kuwa ta nuna ɗaya fuskar. Jam'iyyar PiS ta cika alkawarinta na ba iyaye kuɗin yara kowane wata, magoya bayanta suka gamsu, amma ta sa hannu a kotuna da gidan talabijin na gwamnati har rabin ƙasar ya ji an mayar da shi bare. A 2023 kashi 74 suka fito, ta rasa gwamnati. Sun fito ne domin har a lokacin sun yi imani za a ƙirga abin da suka jefa. Wannan imani shi ne nake tsoron muna ƙararwa a Kano.

Na ce ƙararwa, domin akwai shi. Duk wanda ya tsaya a rumfar zaɓe a cikin birni ranar zaɓen gwamna na 2023 ya gan shi. Lokacin ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, mutum na da kuɗi a banki ba shi da na cefane. Mata sun zo da goyo tun da safe, sun shimfiɗa gyale a inuwar katangar firamare. An gama jefawa ba wanda ya tafi. Malamin zaɓe ya juye akwati a kan tebur, yana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya sama, jama'a na ƙirgawa tare da shi da ƙarfi, talatin da ɗaya, talatin da biyu. Idan dangwalen ya ɗan zarce layi sai a yi ca, wakilan jam'iyyu su matso su duba, a yi gardama, a yanke. Inda magariba ta yi, samari suka kunna fitilun waya suka haska takardar sakamako har aka sa hannu, kowa ya ɗauki hoto. Waɗannan mutane suna tuna 2019, lokacin da aka ce zaɓe bai kammala ba alhali ɗan takarar adawa na gaba da ƙuri'a sama da dubu 26, aka sake a wasu rumfuna ciki har da mazaɓar Gama, 'yan daba suka cika wurin, sakamako ya juye. Duk da haka sun dawo. Sannan suka yi wata goma zuciya a hannu, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'a 165,663 ta ce Gawuna ne ya ci, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cire gwamna, sai Kotun Ƙoli ta mayar da shi a ranar 12 ga Janairu 2024. Magoya bayan kowane ɓangare sun ɗanɗani ranar da suka ji ƙuri'arsu ba ta da amfani sai abin da alƙali ya ce.

To mutanen da suka sha wannan wahala, me kuka ba su da zaɓen ya dawo hannunku? A 2018 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, APC mai mulki ta cinye duka 44. A 2021 ta sake cinye duka 44. Waɗanda ke adawa a lokacin suka kira abin da sunansa, kuma sun yi gaskiya. A Oktoba 2024, su ke kan mulki, NNPP ta cinye shugabanni 44 da kansiloli 484, ba a bar ko mazaɓa ɗaya ba, a jihar da shekara ɗaya da rabi kafin nan abokin hamayya ya samu ƙuri'a kusan dubu 900. Na san za a ce babbar jam'iyyar adawa ba ta shiga ba, kamar yadda aka faɗa a wancan karon. Na san kuma kusan duk jihohi haka gwamnoni ke yi, kowace jam'iyya. Amma sauran gwamnonin ba su hau da sunan Malam ba. Kansila shi ne zaɓaɓɓen da talaka zai iya buga wa ƙofa da asuba idan rijiyar burtsatse ta lalace ko rufin aji ya yaye. Idan a nan ma an riga an rubuta suna kafin ya fito, a ina ne zai koyi cewa zaɓe na da amfani? Ranar irin wannan zaɓe an hana zirga-zirga, shaguna a rufe, yara na buga ƙwallo a kan kwalta, manya na zaune a dakali suna jiran a faɗi abin da kowa ya sani. Yaron da ke buga ƙwallon nan shi ne za ku nemi ƙuri'arsa nan da shekara biyar.

Majalisar dokoki ma haka. A 2019 ta raba masarautar Kano gida biyar cikin 'yan kwanaki. A Mayu 2024 ta rushe wannan doka cikin 'yan kwanaki. Ba ina magana a kan wane sarki ya cancanta ba, kowa na da ra'ayinsa. Ina magana ne a kan cewa sau biyu aka taɓa abu mafi girma a tarihin garin nan ba tare da an zauna an ji bakin jama'a ba, sau biyu 'yan majalisa suka yi abin da gidan gwamnati yake so cikin gaggawa, garin ya wayi gari da sarki biyu da ƙara a kotu. Rusau na Yuni 2023 ma ya bi wannan hanya. Mutane da yawa sun goyi bayan a ƙwato filayen makarantu da na Idi da aka yanka aka sayar, ni ma ina cikinsu. Amma ɗan kasuwar da ya biya kuɗinsa, yana riƙe da takardar gwamnati, ya wayi gari katafila ta bi ta kan shagonsa cikin dare, 'yan ganima na kwasar rodi, shi ma Bakano ne, shi ma yana da katin zaɓe. Jam'iyyar da ta saba cewa "mu ne jama'a" tana saurin ɗaukar duk wanda ya ja da ita a matsayin maƙiyin jama'a, sai ta ga kotu da majalisa da ɗan jarida a matsayin masu ɓata mata lokaci. Su ne kuwa za su kare ku ranar da kuka sauka.

Ban manta alherin da aka yi ba. Akwai 'ya'yan talakawa da suka zama likitoci da injiniyoyi da matuƙa jirgi saboda tallafin karatu a ƙasashen waje. Jami'ar Wudil da ta Northwest suna nan. Gadoji da asibitoci da aka gina a gwamnatoci daban-daban suna nan. An biya tsofaffin ma'aikata wani ɓangare na garatutin da suka daɗe suna bi. Sai dai yadda ake ba da waɗannan abubuwa yakan rage musu albarka. Ana ba da su kamar kyautar jagora, da hotonsa a jiki, har wanda ya samu ya ji dole ya sa hular gidan, wanda bai samu ba ya ɗauka don bai sa ba ne. Haƙƙi idan aka mayar da shi alfarma, mai karɓa yana gode wa mutum ɗaya, ba ya ƙara yarda da tsarin, kuma ranar da mutumin ya sauya jam'iyya ko ya yi faɗa da yaronsa, godiyar ta rasa inda za ta sauka.

Kun ga abin da ya faru a farkon Agusta 2024, bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira sun kai mutane bango. A titunan Kano an ga samari ɗauke da tutar Rasha, an ji wasu suna kiran soja. Yawancinsu an haife su bayan 1999, ba su san mulkin soja ba, abin da suka sani shi ne shekara guda kafin nan maƙwabtanmu a Yamai sun fito suna yi wa sojoji tafi. Ba gwamnatin jiha ce ta cire tallafi ba, na sani. Amma waɗannan yara 'ya'yan masu jefa muku ƙuri'a ne, wasunsu ma sun riƙe muku fitilar waya. Binciken Afrobarometer na 2022 ya nuna kusan bakwai cikin 'yan Najeriya goma har yanzu sun fi son dimokuraɗiyya a kan kowane irin mulki, amma kusan uku cikin huɗu ba su gamsu da yadda take tafiya ba. Mutane ba su ƙi zaɓe ba tukuna, sun gaji da wanda ake yi musu.

Roƙona ga wanda ke kan kujera, ko wanene shi a lokacin, shi ne ya yi zaɓen ƙananan hukumomi na gaba yadda zai iya faɗuwa a wasu. A naɗa hukumar zaɓen da mutanen da ba su da katin jam'iyya, a ƙirga a rumfa a gaban jama'a, a manna sakamako a bango, a bar wanda ya ci ya hau ko da ɗan adawa ne, a kuma sakar masa kuɗin ƙaramar hukumarsa kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke a Yuli 2024. Gwamnan da ya rasa ƙananan hukumomi goma ta wannan hanya bai rasa komai ba, zai ma san inda ake fushi da shi tun kafin babban zaɓe ya zo masa da labari. A cikin jam'iyyunku kuma ku bar 'yan mazaɓa su fitar da ɗan takararsu, a daina karanto sunaye daga falon jagora. Doka babba idan ta zo majalisa a ba ta makonni, a kira zaman jin ra'ayi, a watsa a rediyo. Mai zagin ku a Facebook ko a rediyo ku ba shi amsa, kada ku aika masa 'yan sanda, domin da bakin nan kuka hau.

Abu na ƙarshe ya fi sauran wuya. Idan alkawari ya gagara, ku fito da kanku ku faɗa, da lissafi: ga abin da ya shigo daga Abuja, ga abin da aka tara a gida, ga na albashi, ga na bashi, ga abin da ya rage, saboda haka ruwan famfon da muka ce bana sai baɗi. Kada ku bar wa sojojin baka su ce laifin gwamnatin baya ne ko zagon ƙasan Abuja. Bakano ɗan kasuwa ne, ya san riba ya san faɗuwa, zai fahimci lissafi idan an buɗe masa littafi.

Ina da katin zaɓe, kuma in Allah ya kai mu zan fito. Ina da ɗalibai da ƙanne da suka ce sun daina, kuma hujjojin da nake ba su sun fara ƙarewa. Ina roƙonku ku ba ni wata kafin lokacin.

Allah ya yi muku jagora, ya ba jiharmu lafiya da zama lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta, mai jefa ƙuri'a a birnin Kano